LABARIN RAKET NA ITACE, MADOKIN ƘWALLON TANIS

Kowa ya san sana'a ba ta yiwuwa sai da kayan aiki. Manomi yana da fartanya, maƙeri yana da masaba, masaƙi yana da ƙoshiya. To, wasa ma haka ya ke. Yau za mu ba ku labarin wani kayan wasa na Turawa wanda a ke kira raket. Shi ne abin da a ke dukan ƙwallo da shi a wasan tanis. Za mu ga inda ya samo asali, da yadda masassaƙan Ingila su ke yinsa da itace, da kuma dalilin da ya sa aka daina. Ku karanta a hankali, don akwai abin da masassaƙi da baduku da mahauci duk za su ƙaru da shi a ciki.

1. Mene ne tanis?

Tanis wasa ne na mutum biyu, ko mutum huɗu, biyu nan biyu can. Ana yinsa a fili mai tsawon ƙafa 78, watau yadi 26. Faɗinsa ƙafa 27 ne in mutum biyu ke wasa, in kuwa huɗu ne sai ya zama ƙafa 36. A tsakiyar filin ana ɗaura raga daga wannan gefe zuwa wancan. Tsayin ragar a tsakiya ƙafa 3 ne, watau kamar iyakar ƙugun mutum.

Ƙwallon ƙarami ne, bai fi lemon zaƙi matsakaici ba. Na roba ne, cikinsa iska, an lulluɓe shi da wani ƙyalle mai gashi-gashi. Wannan ya doko shi ya tsallake raga, wancan ya mayar masa kafin ya faɗi ƙasa sau biyu. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya doka cikin raga, ko ya fitar da shi bayan layi, an ci shi. Wasan ke nan a taƙaice. Amma ƙwallon nan gudu gare shi ƙwarai. Gwani ya kan doke shi ya fi mota gudu. Saboda haka kowane ɗan wasa ya dogara ga abin da ke hannunsa.

2. Da tafin hannu aka fara

Wasan nan a Faransa ya samo asali, yau fiye da shekara 800. A lokacin babu madoki ko kaɗan. Da tafin hannu su ke dukan ƙwallo, shi ya sa Faransawa suka sa masa suna wasan tafin hannu. Ƙwallon kuwa na fata ne, an cusa masa gashi ko tsumma, ga shi da tauri. Wanda ya taɓa yin sussuka yini guda ya san yadda hannu ke yin kanta. Da zafi ya ishe su, sai suka fara sa safar hannu ta fata. Daga nan suka koma dukansa da ɗan katako mai mariƙi, kamar muciya mai faɗin kai.

Bayan shekarar 1500 wani tunani ya zo musu. Suka lanƙwasa itace ya yi da'ira, suka saƙa tsirkiyar hanji a cikinsa kamar rariya. Da suka gwada, sai suka ga ƙwallo yana tashi daga kan tsirkiya kamar kibiya daga baka, hannu kuwa ba ya jin zafi. Wannan shi ne raket na farko. Wasu masana sun ce kalmar raket daga Larabci ta fito, daga kalmar da Larabawa ke kiran tafin hannu da ita.

A zamanin nan wasan na sarakuna ne da masu dukiya, don a cikin babban ɗaki mai dogayen bango a ke yinsa. Sarkin Ingila Henry na 8 yana sonsa ƙwarai, yana da ɗakin wasa a gidansa na Hampton Court, kusa da Landan. Talaka dai sai kallo, in ma an bar shi ya shiga.

3. Yadda wasan ya fito fili

Abu biyu suka fitar da tanis daga ɗaki zuwa waje. Na farko, a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro injin aske ciyawa, har fili ya kwanta sumul kamar tabarma. Na biyu, a 1844 wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya sami takardar shaidar wata dabara ta dafa danƙon roba da farar wuta. Robar da aka dafa haka ba ta narkewa da zafi, ba ta ƙagewa da sanyi. Ƙwallon fata ba ya tsalle a kan ciyawa, amma na roba yana yi.

A 1874 wani tsohon hafsan sojan Ingila, Manjo Walter Wingfield, ya fara sayar da kayan wasan a cikin akwati. A ciki akwai raket, da raga, da turaku, da ƙwallaye, da ɗan littafin dokoki. Kuɗin akwati fam 5 da sule 5 na kuɗin Ingila na lokacin. Kowa ya saya sai ya kafa raga a bayan gidansa, maza da mata su yi wasa. Nan da nan abin ya bazu.

A 1877 aka yi gasa ta farko a Wimbledon, wata unguwa a Landan. Mutum 22 suka ba da sunansu, wani mai suna Spencer Gore ya ci. A 1884 aka buɗe wa mata tasu, Maud Watson ta ci. Har yanzu ana yin gasar Wimbledon a kan ciyawa, ita ce kuma mafi tsufa a duniyar tanis.

4. Sassan raket

Kafin mu ci gaba, bari mu san sassansa. Raket na itace tsawonsa inci 27 ne, watau kamu ɗaya da rabi. Kashi uku gare shi.

Akwai kai. Shi ne da'irar nan mai siffar ƙwai inda a ke saƙa tsirkiya. Faɗinsa kamar taƙi ɗaya ne.

Akwai wuya. Nan ne gefuna biyu na kai su ke haɗuwa su zama sanda ɗaya. Ana cusa wani guntun itace mai kusurwa uku a wurin, don ya cike gurbin, ya ƙarfafa shi. A nan raket ya fi shan wahala.

Akwai mariƙi, watau ƙota. Ba a yinsa mulmulalle kamar ƙotar fartanya. Gefe 8 a ke yi masa. Dalili kuwa, ɗan wasa ba shi da lokacin duban hannunsa, idonsa yana kan ƙwallo. Da jin gefen nan a tafinsa ya ke sanin inda fuskar raket ta dosa. Da fari itacen a ke riƙewa tsirara, an yi masa ƴan tsage-tsage don kada ya suɓuce. Daga baya aka koma naɗe shi da jemammiyar fata mai shan gumi.

Nauyin raket duka wajen giram 380 ne, bai kai rabin kilo ba. Za ku ce ai wannan ba nauyi ba ne. Amma wani wasan ya kan kai awa 3 ko 4, mutum yana ta wurga hannu. In an jima kaɗan ma nauyi ne.

5. Wahalar masassaƙa

A zamanin Manjo Wingfield da sanda ɗaya a ke yin raket. Akwai wani itace a Turai da a ke kira ash, mai ƙarfi, mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. Sai a yanko doguwar sanda, a turara ta da tururin ruwan zafi har ta yi laushi, a lanƙwasa ta a jikin wani katako mai siffar kai, a ɗaure, a bar ta ta bushe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Su Turawa tururi ne ke mayar musu da busasshe kamar ɗanye.

Amma akwai aibi uku. Na ɗaya, kowane itace yana da wurin rauni, ko gaɓa, ko inda reshe ya fito. In raunin ya faɗa a wuya ko a kafaɗa, wata rana sai raket ya tsage. Na biyu, itacen da aka lanƙwasa kullum yana neman komawa yadda ya ke. Na uku, ba a samun raket biyu iri ɗaya, don ba a samun itatuwa biyu iri ɗaya.

Ga kuma jan tsirkiya. Kowane zare ana jansa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 25, watau rabin buhun siminti. Zaren kuwa 38 ne, duk suna jan itacen zuwa ciki, dare da rana. Wannan shi ya sa ba a iya yin kan raket na itace da faɗi sosai. In an faɗaɗa shi, tsirkiya za ta murɗe shi. In an ƙara masa kauri don kada ya murɗe, ya yi nauyin da hannu ba zai iya ba.

6. Dabarar Maxply

Kun san sunan Dunlop a jikin tayar keke da ta mota. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne, mutumin Sikotlan, yana zaune a birnin Belfast. A 1888 ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya girma, ya shiga yin ƙwallayen wasa tun da aikin roba ne, daga nan ya shiga yin raket. Wajen shekarar 1932 ya fito da wani raket mai suna Maxply. Ma'anar sunan ita ce mai ɓawo da yawa. Mafi kyau a cikin irinsa shi a ke kira Maxply Fort.

Ga yadda a ke yin raket irin wannan a wancan zamani. Ku bi mu daki-daki.

Da fari a zaɓi itace a ajiye shi ya bushe sarai. Sa'an nan a yanka shi falle-falle, dogaye, sirara, kowane falle kaurinsa bai fi na kwali ba. Siririn falle yana lanƙwasuwa da sauƙi, ba sai an tilasta shi ba. Sai a shafa wa kowane falle gam mai ƙarfi, a jera su ɗaya bisa ɗaya. A lanƙwasa su gaba ɗaya a jikin ƙarfe mai siffar kai, a sa guntun nan na wuya, a matse da ƙarfi, a gasa da ɗumi har gam ya kama. In an kwance, sai ka ga sun zama abu ɗaya. Ba za su miƙe ba kuma, don kowane falle yana riƙe da ɗan'uwansa.

Ku lura da hikimar da ke ciki. In falle ɗaya yana da rauni a wani wuri, na kusa da shi lafiya ya ke a wurin. Tsaga kuwa in ta fara a falle ɗaya, da ta isa ga gam sai ta tsaya. Kara ɗaya yaro ma ya karya shi, amma damin kara sai a yi shinge da shi.

Hikima ta biyu ita ce haɗa itace iri-iri, kowane da aikinsa. Masu yin raket su kan sa ash don lanƙwasuwa. Su kan sa itace mai tauri inda tsirkiya ke bi, don kada ta ci shi, da kuma bakin kai inda ke gogar ƙasa. A mariƙi kuwa su kan sa marar nauyi. Cikin itatuwan da masana'antun Turai suka yi amfani da su har da na Afirka ta Yamma. Akwai mahogani, dangin maɗaci. Akwai kuma obece, farin katakon nan marar nauyi na dazuzzukan kudu, wanda Yarbawa ke kira arere, mutanen Gana kuma su ce wawa. Sunansa ke nan a can, ba zagi ba ne.

Bayan gam ya bushe, sai a huda ramukan tsirkiya kewaye da kai. A manna wasu fallayen a kafaɗu don ƙarin ƙarfi. A manna itacen mariƙi, a fere shi gefe 8. A goge da takarda mai yashi, a shafa banish sau da yawa don kada laima ta shiga, a rubuta suna, a naɗa fata. Daga ƙarshe a ɗora shi a sikeli, a rubuta masa ko mai sauƙi ne, ko matsakaici, ko mai nauyi, kowa ya zaɓi daidai hannunsa. Yawancin aikin nan da hannu a ke yi. Mutum ya kan yi shekaru yana koyo kafin a ce ya gwane.

Dunlop ba su kaɗai ke wannan aiki ba. A Amurka kamfanin Wilson yana da nasa mai sunan gwanin wasa Jack Kramer. A Ingila akwai Slazenger, a Beljiyam akwai Donnay. Amma Maxply ya yi kimanin shekara 50 ana yinsa, siffarsa ba ta sake sosai ba. Uba ya yi wasa da shi, ɗa ya yi, jika ma ya tarar da shi a kanti.

7. Tsirkiya

Raket ba tsirkiya kamar baka ne ba tsirkiya. Mafi kyawun tsirkiya da hanjin dabba a ke yinta. Turawa su kan kira ta hanjin kyanwa, amma babu ruwan kyanwa a ciki. A 1875 wani Bafaranshe mai suna Pierre Babolat, a birnin Liyon, ya fara yin tsirkiyar tanis. Da ma sana'ar gidansu sarrafa hanji ce, har da yin tsirkiyar kayan kiɗa. Da hanjin tumaki aka fara, daga baya aka koma na shanu. Kamfanin Babolat yana nan har yanzu.

Ba dukan hanjin a ke so ba, sai wata siririyar fata da ke lulluɓe da shi ta waje. A tsaga ta dogaye-dogaye, a wanke ta sarai, a haɗa da yawa a murɗa su kamar yadda a ke tufka igiya. A ja ta, a bar ta ta bushe a hankali kwana da kwanaki, a goge ta ta yi santsi. Raket ɗaya ya kan ci fiye da yadi 10, watau hanjin saniya biyu ko uku.

Saƙar kuwa irin ta masaƙa ce. Zare 18 a tsaye, 20 a kwance, wannan ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa. In an ja tsirkiya da ƙarfi sosai, ɗan wasa ya fi iya kai ƙwallo inda ya ke so. In an sassauta kaɗan, ƙwallo ya fi yin nisa. Kowane gwani da yadda ya ke so a ja masa.

A da, a can kusa da wuya a kan saƙa wani siririn zare mai launi. Ta fuska ɗaya santsi gare shi, ta ɗaya fuskar kaushi. Kafin a fara wasa sai a juya raket a ƙasa kamar katantanwa, ɗaya ya ce santsi, ɗaya ya ce kaushi. Wanda ya dace shi ke zaɓen ko ya fara duka, ko ya zaɓi gefen fili. Ƙuri'arsu ke nan.

Aibin hanji biyu ne: tsada, da rashin son ruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu tsirkiyar nailan, mai araha, wadda ba ta jin laima. Amma gwanaye da yawa suka ci gaba da neman hanji, don ya fi taushi a hannu.

8. Kula da shi

Kun ga yadda ƙyauren katako ke kumbura da damina ya ƙi rufuwa, da hunturu kuma ya tsuke ya bar kafa. Itacen raket ma haka ya ke. In an jingine shi a bango mai laima, ko an bar shi a rana, sai kai ya karkace, ba ya kuma gyaruwa. Saboda haka a zamanin itace kowane mai raket yana da matsi. Katako biyu ne masu kusoshi huɗu na murɗawa. In an gama wasa, a share raket da busasshen tsumma, a sa kansa tsakanin katakon nan, a murɗa kusoshi daidai wa daida, a rataye shi a inuwa. Mai yin haka raket ɗinsa ya kan yi shekaru. Malalaci kuwa damina ɗaya ta ishe shi asara.

9. Gwanayen da suka riƙe Maxply

A duniyar tanis manyan gasa huɗu ne a shekara: ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon, da ta Amurka. Cinye su duka cikin shekara ɗaya abu ne mawuyaci ƙwarai. Wani mutumin Ostareliya mai suna Rod Laver, bahago, ba shi da girman jiki, ya cinye su a 1962 da Maxply a hannunsa. Daga 1963 zuwa 1967 aka hana shi shiga, don a lokacin dokar ta hana wanda ya mai da wasa sana'ar neman kuɗi. A 1968 aka soke dokar. A 1969 ya sake cinye huɗun duka. Har yanzu babu wanda ya yi haka sau biyu a wasan mutum ɗai-ɗai sai shi.

A 1977, shekarar da gasar Wimbledon ta cika 100, wata Baturiyar Ingila, Virginia Wade, ta ci ta mata da Maxply, Sarauniya Elizabeth ta miƙa mata kyautar da hannunta.

Sai kuma 1981. Akwai wani mutumin Suwidin, Bjorn Borg, mai raket na itace na kamfanin Donnay. Ya ci Wimbledon sau 5 a jere, daga 1976 zuwa 1980. Ran 4 ga Yuli 1981 ya gamu da John McEnroe na Amurka, shi ma bahago, yana riƙe da Maxply. Borg ya ci zagaye na farko, McEnroe ya cinye uku na baya. Tun daga ran nan babu namijin da ya sake cin Wimbledon da raket na itace.

10. Zuwan ƙarfe da kabon

Tun kafin haka wasu sun fara neman abin da ya fi itace. Wani tsohon gwanin Faransa, René Lacoste, ya ƙirƙiro raket na ƙarfe. A 1967 kamfanin Wilson ya fara sayar da shi da sunan T2000. Jimmy Connors na Amurka ya ci Wimbledon da shi a 1974 da 1982. Duk da haka mutane da yawa suka tsaya ga itace.

Wanda ya kawo babban sauyi ba gwani ba ne. Sunansa Howard Head, injiniya ne a Amurka, ya fara koyon tanis da tsufansa. Sau da yawa ƙwallo ba ya faɗa masa a tsakiyar tsirkiya, sai a gefe, raket ya murɗe a hannunsa. Ya yi tunani ya ce, in kai ya fi faɗi, wurin duka mai kyau zai ƙaru. Mun riga mun ga dalilin da ya sa itace ba ya iya haka. Sai ya yi da alminiyam, ƙarfen nan marar nauyi da a ke yin tukwane da shi. A 1976 aka fara sayar da shi da sunan Prince. Fuskar raket na itace murabba'in inci 65 ce, ta Prince kuwa 110. Da fari gwanaye suka yi dariya. A 1978 wata yarinya mai shekara 16, Pam Shriver, ta kai wasan ƙarshe na gasar Amurka da shi. Dariya ta ragu.

Daga nan aka zo ga kabon, dangin gawayi da baƙin cikin fensir. Ana yin zare da shi wanda ya fi gashi siranta, a haɗa da wani irin gam, a gasa. Abin da ke fitowa ya fi itace ƙarfi, ya fi shi rashin nauyi, ba ruwansa da laima, ba ya bukatar matsi. Dunlop da kansu suka yi nasu mai suna Max 200G. McEnroe ya ajiye Maxply ya ci Wimbledon da sabon a 1983. Steffi Graf ta Jamus ta cinye manyan gasa huɗu da irinsa a 1988. Da raket ya yi ta girma, hukumar tanis ta duniya ta sa iyaka. Dokar yanzu ta ce kada tsawonsa ya wuce inci 29, faɗinsa kuma kada ya wuce inci 12 da rabi.

Namiji na ƙarshe da ya ci ɗaya daga manyan gasa da raket na itace shi ne Yannick Noah, a Faris, a 1983. Ubansa mutumin Kamaru ne, a Yawunde ya yi yarintarsa. A 1971, yana da shekara 11, gwanin nan baƙar fata na Amurka, Arthur Ashe, ya zo Kamaru ya ga wasansa, ya yi masa hanyar zuwa Faransa koyo. A 1987 aka ga raket na itace a gasar Wimbledon gani na ƙarshe.

Borg ya bar wasa yana da ƙuruciya. A 1991 ya dawo, ya shiga gasa a Monte Carlo da raket na itace irin nasa na da. Wani ɗan Sifen mai suna Jordi Arrese ya cinye shi a wasan farko, 6 da 2, 6 da 3. Jikinsa da sauran ƙarfi, amma ƙwallo ya riga ya fi ƙarfin itace.

Ba ƴan wasa kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Donnay, a garin Couvin na Beljiyam, yana cikin mafi girman masu yin raket a duniya a zamanin Borg. Bai yi saurin komawa ga kabon ba. A 1988 ya karye, sai da wasu suka saye shi. Aikin yin raket ya koma ƙasashen Asiya, kamar Taiwan da Sin. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna zaɓen itace da lanƙwasa shi, da yawa suka rasa aikin da suka iya.

11. Abin da za mu riƙe

Yau raket na itace sai a gidan ajiye kayan tarihi, ko a bangon ɗakin wani tsoho. Amma dabararsa tana nan. Falankin da kafinta ke yin allo da kabad da shi, fallaye ne aka manna. Raket na kabon ma fallaye a ke jerawa, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda aka yi wa Maxply.

Masu yin Maxply ba su yi aikin banza ba. Sun yi abin da ya fi kyau da kayan da zamaninsu ya ba su, ya kuwa yi shekara 50 yana amfani. Sai dai mai sana'a, kome gwanintarsa, ya kamata ya riƙa duban abin da ke shigowa kasuwa, ya tambaya, ya gwada. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa wasan tanis ya samo asali, da me kuma aka fara dukan ƙwallo?
2. Faɗi sassa uku na raket. Don me a ke yi wa mariƙi gefe 8?
3. Don me fallaye da yawa da aka manna suka fi sanda ɗaya ƙarfi?
4. Da me a ke yin tsirkiya mafi kyau? Mene ne aibinta?
5. Zare 18 a tsaye, 20 a kwance. Nawa ke nan duka?
6. An fara gasar Wimbledon a 1877. An ga raket na itace a can gani na ƙarshe a 1987. Shekara nawa ke tsakani?
7. A garinku, wane kayan aiki ne sabo ya zo ya ture tsoho? Me masu yin tsohon suka koma yi? Ku tattauna a aji.